Mece ce ƙeta, kuma me ya sa ta fi "mugu" zafi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A unguwarmu an yi zaman sulhu gaban mai unguwa a kan wani magidanci da ya toshe kwatar da ruwan gidan maƙwabcinsa ke bi. Wani ya ce masa mugu, ko kallonsa bai yi ba. Da wani dattijo ya ce "wannan ai ƙeta ce", sai ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya bar wurin, har yau ba a sake zama ba. Mece ce ainihin ma'anar ƙeta? Da me ta bambanta da mugunta da hassada da ƙiyayya? Kuma yaya ake rubuta ta, don ina ganin wasu na rubuta "keta"?

Amsa: Ɗan'uwa, mutumin nan ya ji Hausa, shi ya sa ya tashi. Ƙeta ita ce mutum ya cutar da wani da gangan, yana sane, alhali ba abin da zai ƙaru da shi illa ya ga wancan ya wahala, ko ya ji kunya, ko ya yi asara. Wahalar wancan ɗin ita ce ribar. Ɓarawon da ya fasa shago ya kwashi shinkafa ya yi sata, ya yi zalunci, amma Bahaushe ba zai ce ya yi ƙeta ba, domin kowa ya san abin da ya kai shi. In kuwa ya gama ɗibar iya abin da zai ɗauka, sannan ya farke sauran buhunan ya tuttula musu kananzir, to da safe za ka ji masu kallo suna cewa, "Kai, wannan har da ƙeta." Wannan "har da" ɗin shi ne wurin lura. Satar tana da dalili, ko da mummuna ne. Abin da ya ɗora a kai shi ne ba shi da dalilin da ya wuce son a ji ciwo.

Galibi kuma ƙeta ƙaramin aiki ce, wanda ba ya cin ƙarfi ko kuɗi, ana yin sa a ɓoye ko a fakaice yadda in an tambaya za a iya musantawa. Ɗalibi ya shiga ɗakin karatu ana saura kwana biyu jarrabawa, ya sami littafin da duk ajin ke nema, kwafi ɗaya tak. Ya karanta babin da malami ya ce a duba, ya kwafe shi tsaf a littafinsa. Ya riga ya sami abin da ya zo nema ke nan. Sai ya waiga hagu da dama, ya sa reza ya yanke shafukan, ya cusa a aljihu, ya mayar da littafin kan kanta yadda ya same shi. Ba karanta su zai sake yi ba, wataƙila a kwata za su ƙare. Ko ma'aikacin ofis da fayil ɗin wani tsoho mai neman fansho ya zo teburinsa, ba abin da ya rage sai ya miƙa shi ofishi na gaba, sai ya tura shi can ƙarƙashin tulin takardu. Da ya nemi na goro, da sai mu ce cin hanci ne ko kwaɗayi. Bai nemi ko sisi ba. Yana dai jin daɗin ganin tsohon yana zuwa duk Litinin yana gaishe shi da ladabi.

Har da shiru ana yin ta. Ka san gobe za a rufe karɓar takardun neman aiki, ka ga abokin karatunka yana cewa ai sai wata mai zuwa, kai kuma ba wannan aikin kake nema ba, amma ka ja bakinka ka tsuke. Ba ka yi ƙarya ba, ba ka taɓa kowa ba, ba kotun da za ta kama ka. Duk da haka ranar da maganar ta fito, sunan da za a ba ta ke nan. Akwai kuma dariyar ƙeta, irin ta direban da ya hango kududdufi da damina, ya hango mutane a gefen titi sun sha ado za su ɗaurin aure, ya ƙara wuta maimakon ya rage, ya wuce yana kallon madubi.

Misalin direban nan yana nuna abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: ƙeta ba ta bukatar ƙiyayya. Bai san waɗanda ya fesa wa taɓon ba, ba su taɓa yi masa komai ba, da wasu ne a wurin da su zai yi wa. Wanda ya binne ƙusa a kan hanyar kekuna bai zaɓi wanda zai taka ba. Ƙiyayya kuwa dole sai da wanda ake ƙi. Kalmar daga "ƙi" ta fito, da ɗafin nan na -ayya da muke gani a soyayya da jayayya da tarayya, mai nuna abin da ke gudana tsakanin mutane. Tana zaune a zuciya, tana iya shekara ashirin ba ta haifar da aiki ko ɗaya ba. Mutum yana iya ƙin ka, amma in ya tsinci kuɗinka ya aiko maka da su, saboda tsoron Allah ko don kare mutuncin kansa. Gaba kuma ita ce lokacin da abin ya fito fili har an daina magana da gaisawa, shi ya sa ake cewa abokin gaba, don mutum ɗaya ba ya yin ta. Ita ce hadisi ya hana Musulmi ya wuce kwana 3 a cikinta. Ƙulli ko riƙo shi ne a yi maka abu ka ajiye a rai, "ya ƙullace ni", kuma da "ƙulli" masu tafsiri kan fassara kalmar Larabci gillu a addu'ar nan ta Suratul Hashri, aya ta 10, inda muminai ke roƙon kada Allah ya sanya shi a zukatansu.

Yanzu ga mugunta, wadda ita ce asalin rigimar taku. Mugunta babbar rumfa ce, ƙeta tana ƙarƙashinta. Duk ƙeta mugunta ce, amma mugunta ta haɗa da dukan yaro ba tausayi, da fashi, da kisa, da danne hakkin maraya don a ci. To me ya sa babbar kalmar ba ta motsa shi ba, sai ƙaramar?

Dalili na farko, "mugu" ta sha amfani har kaifinta ya ragu. Muna cewa abinci ya yi mugun daɗi, yarinya tana da mugun kyau, wane yana da mugun kuɗi. Abokai suna ce wa juna "kai mugu" suna tafawa. Ba wanda ya taɓa cewa tuwo ya yi ƙetar daɗi. Na biyu kuwa, wanda a ganina ya fi nauyi, a cikin "mugu" akwai tsoro, tsoro kuma wani irin girma ne. In an ce wane mugu ne, a kiyaye shi, akwai mazan da a ransu daɗi suke ji. Ka saurari kirarin 'yan dambe da na mafarauta, za ka ji ana yabon mutum da mugunta yana ƙara kumbura. Ƙeta ba ta da wannan kwarjinin. Ƙasƙanci ne tsantsa a cikinta. Wanda aka ce masa mai ƙeta, an ce masa ba shi da ƙarfin fitowa fili, ba shi da dalili, kuma abin da ke faranta masa rai shi ne wahalar maƙwabci. An ce masa ƙaramin mutum ke nan, a gaban jama'a, daga bakin dattijo. Magidanci zai iya haɗiye a ce yana da zafi ko ba shi da sauƙi. Wannan kuwa da wuya.

Hassada dabam take, kuma ita ce aka fi cakuɗawa da ƙeta. Aro ce daga Larabci, ga ta nan a ayar ƙarshe ta Suratul Falaƙi, inda ake neman tsari daga sharrin mai hassada idan ya yi hassada. Ma'anarta mutum ya ga ni'ima a wurin wani ya so ta gushe, ko ta dawo gare shi ko kada ta dawo. Sharaɗinta ke nan, sai da ni'ima. Ba a yi wa wanda ba shi da komai hassada, amma ana yi masa ƙeta, har ma shi aka fi yi wa, don ba shi da mai tsaya masa: almajiri, makaho, mahaukacin unguwa da yara ke ɗaura wa gwangwani a riga. Hassada kuma ciwo ne da ke cin mai shi, tana iya ƙarewa a cikinsa ba ta fito ba, shi ya sa aka ce ga mai rabo taki ce. Ranar da ta fito ta zama aiki, sau da yawa rigar ƙeta take sanyawa. Mutum ya nemi fili bai samu ba, wani ya samu, sai ya je ya tayar da tsohuwar rigimar gado a kan filin don ginin ya tsaya. Shi ba zai samu ba ko an ƙwace. Wannan shi ne "a fasa kowa ya rasa": tushensa hassada, aikinsa ƙeta.

Kalmarmu ta gida mai ɗaukar wannan ma'ana ita ce baƙin ciki, mai fuska biyu. "Ina baƙin cikin rasuwar wane" alhini ne. "Yana yi mini baƙin ciki" hassada ce, daga nan aka sami 'yan baƙin ciki da ake rubuta wa saƙo a bayan manyan motoci da Keke Napep. Ƙyashi kuma ƙanwar hassada ce, jin nauyin ganin wani ya samu, ko da daga hannunka abin zai fita ko daga hannun wani. Rowa tana kusa, amma marowaci yana hanawa ne don ya ajiye wa kansa. Sauran tuwon da ya kwana, marowaci ɗumamawa zai yi ya ci. Mai ƙeta zai juye shi a bola almajiri yana tsaye a ƙofa. Kishi shi kaɗai ne a cikin dangin nan yake da fuskar yabo, don akwai kishin ƙasa da kishin addini da kishin kai.

Wadda ta fi kusa da ƙeta duka ita ce gayya, ta "da gayya ya yi", ba gayyar noma ba. Bambancinsu siriri ne. Mai gayya so yake ka san shi ya yi, kuma don kai ya yi. Zai kunna rediyo da ƙarfi daidai lokacin da ya san kana barci, in kun haɗa ido ba zai kau da kai ba. Tura haushi ne, kuma yawanci akwai wani abu da ya gabata, shi ya sa karin maganar ta ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Mai ƙeta bai damu ka sani ba. Sau da yawa ma ya fi son kada ka sani, ya zo cikin masu jaje.

Za ka iya kawo mini suka a nan, kuma suka ce mai kyau. Matar da ta faki ido ta antaya gishiri a miyar kishiyarta ranar girkinta, ai tana da riba, so take miji ya juya wa waccan baya. Amma duk wanda ya ji labarin ƙeta zai ce. Haka ne. Saboda haka kada a ɗauki "ba riba" kamar lissafin kasuwa. Abin da kunnen Bahaushe ke aunawa shi ne ta ina mutum ya bi. Da ta gyara nata girkin ta fi waccan, da kishi ne, ba mai zarginta. Da ta bi ta daɗin baki da shagwaɓa, da kissa ce. Da ta ƙulla mata sharri wurin uwar miji, da makirci ne. Ta zaɓi ta lalata abin da kowa zai ci, har da 'ya'yanta, don dai a ga waccan ta kunyata. Ɓata abu mai amfani domin wani ya ji ciwo, ko kai ma za ka yi asara, shi ne ya mayar da shi ƙeta.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tsayawa a kan wannan hali, ko da yake da tasu kalmar. Hadisin nan da muke fassarawa "ba cuta, ba cutarwa", wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, kuma shi ne na 32 a Arba'una ta Nawawi, kalmomi biyu ne a cikinsa masu tushe ɗaya, darar da dirar, malamai kuma sun yi saɓani kan bambancinsu. Ɗaya daga cikin fassarorin, wadda malamin Malikiyya na Andalus Ibn Abdil Barri yake cikin waɗanda suka rinjayar, ita ce: ta farko cutar da wani da abin da kai kake amfana da shi, ta biyu cutar da shi da abin da ba ka da wani amfani a ciki, kamar ka hana abin da ba zai rage ka da komai ba. Ban san wata kalmar Hausa da ta dace da ta biyun kamar ƙeta ba. Kalmar dirar ɗin ta zo a Suratul Baƙara, aya ta 231, kan mazan da ke sakin mace, su bari sai idda ta kusa cika su mayar da ita, su sake saki, ba don suna son zaman ba sai don kada ta sami 'yancin auren wani. Akwai kuma hadisin Abu Huraira a Buhari da Muslim da ya ce kada maƙwabci ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin katangarsa. A Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya saki matarsa yana cikin ciwon ajali, sakin ya yiwu, amma in ya mutu a wannan ciwon za ta gaje shi. Abin da ke burge ni a hukuncin nan shi ne ba a ce sai an tabbatar da abin da ke zuciyarsa ba. An toshe hanyar ne kawai, ko da niyyar hana ta gado ya yi ko ba da ita ba.

Nan ne nake ganin dattijon naku ya yi gaggawa, ko da a ce gaskiya ya faɗa. "Ka toshe kwata" magana ce a kan abin da ido ya gani, ana iya zuwa a duba. "Ƙeta ce" hukunci ne a kan zuciya. Kafin a kai can akwai tambayoyin da ya kamata mai unguwa ya fara yi. Ruwan yana taɓa ginin mutumin? In yana jiƙa masa gindin katanga, ko yana kwanciya a ƙofar gidansa sauro na damun iyalinsa, to kare kansa ya yi. Yana iya zama ya yi kuskure da bai yi shawara ba, amma ba ƙeta ba ce, kuma kiran sa da wannan suna zalunci ne. In an yi wata rigima kafin nan, ya toshe da rana tsaka kowa na gani, gayya ce, maganinta a koma kan rigimar farko. In kuwa kwatar can gefe take bi, ba ruwanta da gidansa, ba abin da ya taɓa haɗa su, ya tashi da dare ya cusa mata buhun yashi, to kalmar ta zauna daram. Ko a nan ɗin ma, wurin sulhu ba wurin faɗarta ba ne, domin mutum yana iya janye buhun yashi a gaban jama'a, amma ba zai amsa a gabansu cewa shi ƙaramin mutum ne ba. Da ni ne a kusa da mai unguwa, sai in ce a tura mutum biyu da yake jin nauyinsu su same shi a gida, a yi maganar ruwa da inda zai bi, a bar maganar hali.

Kada kuma ka ɗauka kullum da wannan nauyin take zuwa. Uwa takan ce "yaron nan akwai ƙeta" tana dariya, don ya ɓoye takalmin yayarsa. Tsakanin taubasai, ko jika da kaka, ko Bafulatani da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, ana shirya wa juna ƙeta a yi ta ba da labari shekara da shekaru. A irin wannan wuri ta kusa zama tsokana. Ma'aunin dai shi ne ko wanda aka yi wa zai iya shiga cikin dariyar daga baya. Wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa da wurin da aka faɗa su ke sa mata nauyi.

Ta fuskar nahawu, suna ce ta mace: ƙetarsa, ƙetar nan, "ƙeta ce". A maganar yau da kullum da "yi" ake haɗa ta, a ce ya yi masa ƙeta, ko a ce don ƙeta, ko tsabar ƙeta. Mai yin ta shi ne mai ƙeta ko maƙetaci, mace maƙetaciya, jam'i maƙetata, a kan tsarin marowaci da marowata, maƙaryaci da maƙaryata. "Maƙetaci" ta fi "mai ƙeta" nauyi, don tana nufin abin ya zama hali, ba tsautsayin rana ɗaya ba.

Rubutu kuwa da ƙ mai lanƙwasa ne, ba makawa. Keta da k tsura aikatau ce, ma'anarta yagewa ko ratsawa: keta riga, keta daji, keta doka, keta haddi. Ɗalibin nan na ɗakin karatu ya keta shafi don ƙeta, ka ga kalmomi biyu ne da ba su haɗa komai ba. Kada kuma a haɗa ta da ƙetare na ƙetare kogi ko ƙasashen ƙetare, wanda shi ma da ƙ ne amma hanyarsa dabam. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, a ajami kuma wasu masu rubutu kan raba sautin k da na ƙ da haruffan kaf da ƙaf. Wayar hannu tana cikin abubuwan da suka sa ake rubuta k da ƙ iri ɗaya, sai matasa suka ɓullo da q, suna rubuta qeta da qarya da qauna. A hira tsakanin abokai ban ga laifinsa ba, ya fi a bar mai karatu yana canka. Amma a takardar makaranta ko wasiƙa ko wani abu da za a buga, ka sa Hausa a cikin harsunan allon rubutun wayarka. A Gboard, in ka yi haka, sai ka danne k ka ɗan riƙe, ƙ za ta fito.